Yadda ake shirya gajeriyar gasar haɗa gem a ƙungiyar intanet

Gasar haɗa gem (wato wasan kwamfuta ko na waya) ta ɗan taƙaitaccen lokaci, wadda masu harkar ke kira jam, tsarinta ba shi da wuyar faɗa. A tara mutane, a ba su jigo ɗaya, a yanka musu wa'adi, kowa ya je ya haɗa ƙaramin gem ya kawo, sannan a buga na juna a ba da maki. Babbar gasar Ludum Dare, wadda Geoff Howland ya fara a watan Afrilun 2002, a kan wannan turbar ta ginu, haka ma Global Game Jam da aka fara a Janairun 2009. Ƙungiyar da ba ta wuce mutum talatin ba a Discord ko Telegram za ta iya yin irinta ba tare da ta kashe ko sisi ba.

Abin da mai shiryawa zai sa a gaba shi ne abu biyu: gem nawa aka kammala aka miƙa, kuma mutum nawa suka buga kowanne. Yawan masu rajista ba ya nuna komai, domin danna maɓallin shiga ba ya cin kowa komai, kuma da yawa daga cikinsu ba za a sake jin ɗuriyarsu ba. Duk shawarar da za ku yanke, daga tsawon wa'adi har zuwa yadda za a lissafa maki, ku auna ta da waɗannan biyun.

Tsawon lokaci da ranar farawa

Sa'a 48 ita ce wadda aka fi sani. Ludum Dare tana da manyan rukunoni biyu: na sa'a 48, inda mutum shi kaɗai zai yi komai da hannunsa, kod (wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) da zane da sauti, kuma ya saki kod ɗin kowa ya gani, sai na sa'a 72, inda aka yarda a haɗa tawaga kuma aka sassauta dokoki. Akwai kuma masu tsawo. PyWeek mako ɗaya ce, 7DRL kwana bakwai, js13kGames kuwa wata guda cur, daga 13 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba kowace shekara.

Kowanne da irin cutarsa. Sa'a 48 tana tilasta wa mutum ya rage buri, wanda shi ne babban amfaninta, amma ba ta yafe wa kowa. Wanda aka ɗauke wa wuta daga asubar Asabar zuwa magariba ya yi asarar kusan rabin lokacin da zai iya aiki, kuma ba inda zai samo shi. Wata guda kuwa yana sa mutane sakaci: mako uku na farko ana cewa da sauran lokaci, a na huɗu a tarar an ɗauko aikin da ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage. Hira ma takan mutu a tsakiya, kowa ya manta ana gasa.

Idan mambobinku ma'aikata ne da ɗalibai, ko suna zaune inda wutar lantarki da data ba su da tabbas, kwana tara ya fi dacewa: daga daren Juma'a zuwa Lahadin mako na gaba, wato ƙarshen mako biyu. Wanda ya rasa na farko zai kama na biyu. Akwai kuma wata dabara da ƙananan gasa ke amfani da ita: a buɗe ƙofa na kwana tara, amma a ce kowa ya yi aikin sa'a 24 kawai a ciki, shi zai ƙirga da kansa. Ba za ku iya tabbatar da gaskiyar kowa ba, amma a ƙungiyar da aka san juna kuma ba kuɗi a tsakani, wannan ba ya zama matsala. A gasar farko dai kada ku wuce kwana goma.

Ku duba kalanda kafin ku tsayar da rana. Makon jarrabawa, goman ƙarshe na azumi da ranakun Sallah ba lokacin gasa ba ne. Ku kuma duba ko ranar ta yi karo da wata babbar gasa, domin ƙwararrun cikinku can za su tafi. Sanarwa ta fita da mako uku ko huɗu, a sake tunatarwa saura mako ɗaya, a sake ana gobe.

Batun agogo kuwa ya ɓata gasa da yawa. Kada ku rubuta "ƙarfe bakwai na yamma" ku yi shiru. Bakwai na Kano da Yamai shida ne a Kumasi, takwas ne a Khartum. Ku rubuta lokacin da agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, sannan ku jera na garuruwa biyu ko uku da mambobinku suka fi yawa. Ku guji sha biyun dare, domin rabin mutane za su ɗauka daren Asabar ake nufi, rabi kuma daren Lahadi. Mafi sauƙi shi ne a bar agogon da ke ƙirga sauran lokaci a shafin gasar ya zama shi ne alƙali, a kuma faɗi haka a cikin dokoki. Lokacin rufewa ya faɗa a sa'ar da ku masu shiryawa kuke farke kuma kuna kusa da kwamfuta, saboda a sa'ar ne za a fi neman ku.

Dokoki

Dokar da ta wuce shafi ɗaya ba mai karanta ta. Amma akwai tambayoyin da in ba ku amsa su tun farko ba, za su dawo muku a matsayin rigima bayan an fitar da sakamako.

Na farko, mutum nawa a tawaga. Huɗu iyaka ce mai kyau. Fiye da haka lokacin yakan ƙare a tattaunawa. Ku kuma hana mutum ɗaya shiga tawaga biyu idan masu gasa ne za su ba da maki. Na biyu, me aka yarda a shigo da shi daga waje. Kusan kowace gasa ta yarda da injin gem da aka riga aka gina, wato manhajar da ake haɗa gem a kanta, kamar Godot ko Unity ko GDevelop, da ɗan kod ɗin da mutum ya saba fara aiki da shi. Inda ake saɓani shi ne zane da sauti. Ga sababbin shiga, ku bar su su ɗauko na kyauta daga wurare irin su Kenney da OpenGameArt da Freesound, da sharaɗin su rubuta a shafin gem ɗinsu abin da suka ɗauko da inda suka samo shi. Ku bayyana musu bambancin lasisi a layi biyu: mai CC0 ba ya buƙatar komai, mai CC BY dole a ambaci mai shi. Wanda ya yi amfani da zanen wani kuma ba za a ba shi maki a rukunin zane ba. Waƙar mawaƙi da hoton fim da aka kwaso daga intanet haramun ne, ko da kuwa gem ɗin kyauta ne.

Na uku, manhajojin AI masu ƙirƙirar hoto da kiɗa da kod. Ko kun yarda da su ko kun hana, ku rubuta matsayarku ɓaro-ɓaro, kuma ku raba tsakanin kod da zane, don mutane da yawa suna kallon su daban. Shiru a nan shi ne mafi muni, domin kowa zai fassara shi yadda ya yi masa daɗi. Na huɗu, abin da ba a yarda a sa a gem ba: batsa, cin zarafin addini ko ƙabila, da zagin mutumin da ake iya ganewa. Na biyar, mallaka. Ku rubuta cewa gem na wanda ya haɗa shi ne, ku dai kuna neman izinin nuna hotonsa da bidiyonsa wajen tallan gasar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don wasu gem ɗin da suka yi kasuwa daga irin wannan gasa suka fito. Superhot ya samo asali daga gasar 7DFPS ta 2013, Baba Is You kuma daga Nordic Game Jam ta 2017.

Wasu gasa suna ƙara ƙaidi na fasaha a kan jigo. A js13kGames duk gem ɗin dole ya shiga fayil ɗin zip da bai wuce kilobait 13 ba. Irin wannan yana burge ƙwararru, amma yana korar sababbi. Ƙaidin da ke taimaka wa kowa shi ne mai rage aiki: launi huɗu kawai, ko allo ɗaya ba gungurawa, ko maɓalli ɗaya tak. Na ƙarshen yana da wata fa'ida, don gem mai maɓalli ɗaya yana buguwa a waya ba tare da an sake masa tsari ba.

Jigo

Jigo mai kyau yana taɓa yadda ake buga gem, ba kwalliyarsa kaɗai ba. Idan kuka ce jigon shi ne "kasuwa", za ku samu gem goma na tsalle-tsalle da aka zana wa rumfuna a baya. Idan kuka ce "daƙiƙa goma", wanda shi ne jigon Ludum Dare ta watan Agustan 2013, kun tilasta wa kowa ya yi tunanin abin da zai faru a cikin daƙiƙa goma da abin da zai biyo baya. Gasar GMTK da Mark Brown ke shiryawa ta ƙware a irin wannan; jigonta na 2019 ma'anarsa "ɗaya tak", mutane suka fito da harsashi ɗaya, rai ɗaya, ɗaki ɗaya. Hanyar gwada jigo ita ce ku zauna ku biyu ko uku na minti goma. In ba ku iya kawo gem biyar mabambanta ba, jigon ya yi ƙunci. In kuwa duk gem ɗin da kuka tuna zai shige shi, ya yi faɗi.

Wajen zaɓe, hanya biyu ce. Ko masu shiryawa su zaɓa su ɓoye, ko a bar jama'a su kawo shawara a kaɗa ƙuri'a. Ta biyun tana ɗumama ƙungiya kafin a fara, shi ya sa Ludum Dare take yin zagaye-zagaye na ƙuri'a kafin ranar. Ga ƙaramar ƙungiya zagaye ɗaya ya isa: kowa ya kawo biyu, ku tace ku bar takwas ko goma, a ba kowa damar zaɓar duk waɗanda yake so maimakon ɗaya, don kada jigogi biyu masu kama da juna su raba ƙuri'a wani na uku ya wuce. Ku tabbata an ɓoye sakamakon ƙuri'ar har lokacin farawa, in ba haka ba wanda ya ga inda aka dosa zai fara aiki tun kafin a busa usur. Tacewar ma wajibi ce, don kullum sai an samu jigon barkwanci da zai iya lashe zaɓe alhali ba mai son ya yi kwana biyu yana aiki a kansa.

Shafin gasa da gwajin ɗorawa

Ƙungiyar hira wurin surutu ce, ba wurin karɓar aiki ba. Fayil yana nutsewa a cikin saƙonni, ba a san wanda ya zo kan lokaci ba, kuma ba hanyar tara maki. Dandalin itch.io, wanda Leaf Corcoran ya buɗe a 2013, yana ba kowa damar buɗe gasa kyauta. Za ku sa ranar buɗewa da ta rufewa da ta ƙarshen ba da maki, ku rubuta rukunonin maki, ku zaɓi waɗanda za su yi zaɓe, ku kuma ƙara tambayoyin da mai miƙa gem zai amsa. Tambayoyi uku sun isa: su wa suka yi aikin, me aka ɗauko daga waje, kuma yana buguwa a waya ko sai kwamfuta.

Ku matsa wa mutane su fitar da gem ɗinsu ta yadda zai buɗe a burauza. Wannan shawara ɗaya ta fi kowace tasiri a kan yawan waɗanda za su buga shi. Mutum zai danna ya gwada gem goma a burauza kafin ya yarda ya sauke fayil ɗaya mai megabait 200 da datarsa, sannan Windows ta tare shi da gargaɗin cewa ba ta san mai manhajar ba. Gem ɗin da aka rubuta da harshen Python aka naɗe shi ya zama fayil ɗin saukewa da manhajar PyInstaller ma sau da yawa manhajar kashe bairos takan kama shi ba gaira ba dalili. Mai Linux da mai Mac da mai waya kuwa an bar su a baya gaba ɗaya. Godot da GDevelop da TIC-80 da PICO-8 da Twine duk suna fitar da na burauza. Idan akwai masu shiga da waya kaɗai, ku sa iyaka a girman fayil, misali megabait 30, ku kuma nemi duk wanda zai iya ya sa maɓallan taɓawa a allo.

Mako ɗaya kafin gasar, ku yi zaman gwaji na sa'a biyu. Aikin kowa shi ne ya sa murabba'i ɗaya ya motsa a allo, ya fitar da shi, ya ɗora, wani daban ya buɗe a tasa na'urar. Ba a neman kyau. Abin da ake nema shi ne matsalolin da za su fito a sa'ar ƙarshe su fito yanzu da ake da lokacin gyara su, kuma kusan kullum su ne dai waɗannan. Mai Godot zai gano bai sauke fayilolin fitarwa ba, kuma suna da nauyi, ba abin da za a fara saukewa saura minti ashirin ba ne. Wani zai naɗe aikinsa da rar alhali zip dandalin ke buɗewa, ko ya bar babban fayil ɗin da wani suna maimakon index.html. Wani gem ɗinsa yana aiki lafiya a kwamfutarsa amma a intanet hotuna sun ɓace, saboda ya sa wa fayil suna da babban baƙi ya kira shi a kod da ƙarami. Windows ba ta damu da wannan ba, sabar kuwa, wato kwamfutar da ke riƙe da gem ɗin a intanet, ta damu. Mai Unity zai ɗora fayil ɗin exe shi kaɗai ya bar jakar bayanan da ke tafiya da shi. Wani kuma zai yi ta neman dalilin da kiɗansa ba ya tashi, alhali burauza ce ke hana sauti har sai mai bugawa ya danna wani abu, maganinsa kuma allon farko mai cewa "danna ka fara".

Masu rubuta gem da Hausa suna da tasu ta daban: yawancin salon haruffa na gem, musamman masu ƙananan ɗigo, ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wurin harafin sai ya fito akwati ko ya zama fili. A gwada jimla mai ɗauke da su duka tun a zaman gwaji, a kuma ajiye salon da ya yi aiki inda kowa zai ɗauka.

Ku haɗa gajeren jerin kayan aiki ku liƙa shi a saman ƙungiya: inji biyu ko uku da akwai wanda ya iya su a cikinku, manhajar zanen ɗigo, da sfxr ko Bfxr na ƙirƙirar ƙarar tsalle da harbi cikin daƙiƙoƙi. Tomas Pettersson ya rubuta sfxr ne a 2007 saboda masu shiga Ludum Dare, kuma har yau ana cin moriyarsa. Masu neman abokin aiki ku buɗe musu wuri daban, kowa ya rubuta abin da ya iya, injin da yake amfani da shi, da sa'o'in da zai samu. Tawagar da aka haɗa da baƙin juna takan watse ne saboda na ƙarshen, ba don rashin iyawa ba.

Ana cikin gasa

Aƙalla mutum biyu su riƙe gasar, su raba lokaci, kuma wanda ya san jigo tun kafin a fara kada ya shiga takara. Aikinku a nan kaɗan ne: amsa tambayar doka da sauri a fili inda kowa zai gani, da tunatar da mutane lokaci. Da an kai rabin wa'adi ku nemi kowa ya turo hoto ko ɗan bidiyon inda ya kai. Wanda ya ga na wasu ma bai kammala ba yakan samu ƙarfin gwiwar ci gaba, wanda kuma ya yi shiru kun san shi za ku tuntuɓa.

Shawarar da za ku yi ta maimaitawa ita ce a rage. Sabon shiga yakan zo da labari mai babi biyar da makamai goma. Ku ce masa ya sa abu ɗaya ya yi daɗin bugawa, ya yi masa farko da ƙarshe, kuma ya kasance ana iya buga shi kafin rabin lokaci ya wuce. Sauran rabin na gyara ne da sauti da bayanin maɓallai. A riƙa adana aiki a Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk sauyin da aka yi wa aiki, ko aƙalla a kwafe jakar zuwa wani wuri duk bayan 'yan sa'o'i. A kuma yi barci. Kod ɗin da aka rubuta ƙarfe huɗun asuba yawanci shi ake kwana gyarawa washegari.

Sa'ar rufewa

Saura sa'a shida ku fitar da sanarwa cewa kowa ya ɗora abin da yake da shi yanzu, ko bai gama ba, tunda ana iya sauya fayil har lokacin rufewa. Ku tuna musu abu biyu da ke kayar da mutane a itch.io. Buɗe wa gem shafi daban yake da miƙa shi ga gasa, sai an koma shafin gasar an danna miƙawa. Kuma shafin da aka bari a matsayin daftari mai shi kaɗai ke ganinsa.

Duk da haka sai an samu wanda zai makara. Saura minti huɗu, ɗorawa ta kai kashi 80, data ta ƙare ko netwok ya ɗauke. Ku tanadi hukuncin wannan tun kafin ya faru. Ludum Dare tana ware sa'a ɗaya bayan rufewa don ɗorawa kawai, ba don ci gaba da aiki ba, kuma tsari ne da ya cancanci a kwaikwaya. A itch.io mai shirya gasa yana iya samar wa wanda ya makara mahaɗi na musamman da zai miƙa da shi. Ku rubuta a doka har zuwa yaushe za ku bayar da shi, misali sa'a 12, kuma ku ba kowa daidai. Ranar da aka ga kun buɗe wa aboki ƙofa kun rufe wa wani, gasar ta gama mutunci.

Sai gyara bayan rufewa. Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce a yarda a gyara abin da ke hana gem tashi ko ke kashe shi a tsakiya, a kuma yarda a fitar da shi don wata na'ura, amma ba a ƙara mataki ko zane ko sauti. Wanda ya yi gyara ya rubuta abin da ya taɓa. In ba ku son wahalar sa ido, dandalin yana da zaɓin kulle ɗora fayil har a gama ba da maki, sai dai ku sani wanda gem ɗinsa ya ƙi tashi ya fita ke nan.

Ba da maki

A nan ne gasa da yawa ke mutuwa, domin masu shiryawa sun gaji, masu shiga ma sun gaji. Ga wanda ya haɗa gem kuwa nan ne ladan aikinsa yake. Mutumin da ya hana idonsa barci ya samu sharhi ɗaya mai cewa "ya yi kyau" ba zai dawo gasa ta biyu ba.

Kada ku buɗe zaɓe ga duk duniya. Zai koma gasar wanda ya fi yawan abokai a WhatsApp, kuma waɗanda za su zo ba za su buɗe gem ɗin ba ma. Ku bar shi ga waɗanda suka miƙa gem da abokan tawagarsu. In gem ɗin ba su kai goma ba, ku ƙara alƙalai uku daga waje da za su buga duka, don ƙuri'un ba za su isa su ba da hoto na gaskiya ba. Tsawon lokacin kuwa ku lissafa shi: gem 20, kowanne minti goma da rubuta sharhi, ya haura sa'a uku. Mako ɗaya ya wadatar da wannan. Ludum Dare tana ba da wajen mako uku ne saboda gem ɗinta dubbai ne. Ku in kuka ja shi haka za a manta da ku.

Rukunoni uku ko huɗu sun isa: daɗin bugawa, amfani da jigo, sabon tunani, sai zane da sauti a haɗe. Ku rubuta abin da kowane maki yake nufi daga 1 zuwa 5, ku ce 3 shi ne gem da ya yi abin da ya ce zai yi. In ba haka ba wani zai raba wa kowa 5 don kunya, wani kuma ba ya wuce 3 ko me aka yi.

Babbar matsala ita ce rashin daidaito a yawan ƙuri'a. Gem mai kyakkyawan hoton bango da wanda ke saman jeri suna kwashe jama'a, na ƙasa su tashi da ƙuri'a biyu. Sai ka ga mai ƙuri'a biyu, duka 5, ya hau kan wanda mutum 15 suka buga ya samu 4.2. Manyan dandali sun san da wannan. A Ludum Dare sai gem ya samu ƙuri'a 20 kafin ya shiga jerin sakamako, kuma tsarin yana tura gem ɗin wanda ke buga na wasu gaba. A itch.io ana rage makin gem ɗin da yawan ƙuri'unsa bai kai matsakaicin na sauran ba, akwai kuma zaɓin da ke tilasta wa mai zaɓe ya fara da wasu gem da aka zaɓo masa kafin ya je ga wanda yake so. Ku kunna shi.

In da hannu kuke lissafi, ga hanya mai sauƙi. Ku jera gem ɗin a da'ira, kowace tawaga ta buga biyar da ke bin nata, ta haka kowane gem ya tabbata da ƙuri'a biyar kafin a zo ga na son rai. Wajen tarawa kuma ku ƙara wa kowane gem ƙuri'un aro guda biyar masu darajar matsakaicin makin gasar duka. A ce matsakaicin 3 ne. Mai ƙuri'a biyu zai zama 10 da 15 a raba da 7, wato 3.57. Mai ƙuri'a 15 zai zama 63 da 15 a raba da 20, wato 3.9. Wanda aka fi gwadawa ya koma gaba, ɗayan ma ba a zalunce shi ba. Ku sanar da wannan lissafin kafin a fara zaɓe, ba bayan an ga sakamako ba.

Sharhi ya fi maki amfani, don haka ku sa shi sharaɗi: duk gem da ka ba maki, ka rubuta abu ɗaya da ya yi maka daɗi da wuri ɗaya da ka maƙale. "Na kasa gane cewa ana iya tura akwatin sai da na mutu sau uku" ya fi wa mai gem amfani fiye da yabo sahu goma. Wanda bai buga adadin da aka ɗora masa ba a cire gem ɗinsa daga jerin sakamako. Ku ma masu shiryawa ku duba kullum ku ga gem uku da suka fi ƙarancin ƙuri'a, ku tura jama'a can. Idan da hali, ku yi zama ɗaya kai tsaye ku buga duka a gaban kowa, minti biyar-biyar, ba tsallake.

Kyauta

Ludum Dare ba ta ba da kyauta, Global Game Jam kuwa ba ta ma fitar da zakara na duniya, kuma mutane ba su fasa shiga ba. Kuɗi yana sauya halin gasa. Da zarar an sa shi, za a fara samun asusun bogi, da tsohon gem da aka sauya wa suna, da masu danne makin abokan takara da gangan. In dole sai kun bayar, ya zama ƙarami, kamar data ko lasisin wata manhaja, kuma alƙalai su yanke shi, ba ƙuri'ar masu takara ba. Ku tanadi damar neman kod ko tarihin Git daga wanda ake zargi, ku yi binciken a asirce. Wata hanyar da ta fi tsafta ita ce a jefa ƙuri'ar sa'a tsakanin duk waɗanda suka kammala gem kuma suka buga na wasu, tunda halin da kuke so a yawaita ke nan.

Sakamako ya fita a ranar da aka faɗa, da sa'ar da aka faɗa. Ku ambaci uku na farko a kowane rukuni, sannan ku rubuta layi ɗaya ko biyu a kan kowane gem da aka miƙa, har da na ƙarshe. A ƙaramar ƙungiya ba dole ba ne a wallafa jeri har ƙasa. Wanda yake son sanin matsayinsa zai gani a shafinsa. Bayan nan ku buɗe kulle don masu son ci gaba da gyara, ku tura gajeriyar tambaya ga waɗanda suka yi rajista ba su miƙa ba don ku ji abin da ya tsayar da su, lokaci ne ko wuta ko jigo ko fitar da fayil. Ku ajiye dokoki da sanarwoyi da jerin matsalolin ɗorawa a takarda ɗaya saboda wanda zai karɓi aikin a gaba, kuma ku sa ranar gasa ta biyu a cikin sanarwar sakamakon, wata uku ko huɗu daga ranar.